Ƙugiyar da Ta Suɓuce wa Halilu

Ƙauran Namoda,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Rahama, sanyin idona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da jaririyarmu Rukayya. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Yaya Baba Liman da Inna da duk mutanen gida? Idan kuna lafiya, haka nake so. Ni ma nan lafiya, sai kewarku.

Tun da aka ɗauke layukan waya ban ji muryarki ba, yau kwana ashirin da uku. Auwal direba ya ce zai riƙa kai miki takarda Shinkafi duk ranar da hanya ta yi kyau, shi ya sa na ɗauko biro. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da ƙarfe ba ya iya lallaɓa takarda.

Ba labari mai daɗi ne ya sa na rubuto ba, amma kada hankalinki ya tashi, da ransa. Yayanki Halilu ya faɗi ranar Alhamis da hantsi a wurin lodi. Yana hawa katakon da ake jinginawa jikin mota da buhun gero a bayansa, ya kusa kaiwa sama, sai buhun ya rinjaye shi ta baya. Ya faɗo ƙasa, buhun ya biyo shi ya danne masa cinyar hagu. Ƙashin ya karye. An zo an kira ni daga shago, na tarar abokan aikinsa 'yan dako sun kewaye shi suna yi masa fifita. Bai yi kuka ba, kin san shi, salati kawai yake yi.

An duba shi a nan, amma shi ya ce a kai shi wurin maɗorin nan na Zurmi da ya taɓa yi wa abokinsa ɗori. Ranar Juma'a da safe muka bi ayarin motoci muka kai shi, matarsa Kulsumu tana tare da shi. Maɗorin ya ja ƙafar ya ɗaure da karare, ya ce sai an yi haƙuri, karayar cinya ba ta son gaggawa. Ki san yadda za ki faɗa wa Inna a hankali.

Mutane suna ta surutu a kan dalilin faɗuwar, kowa da abin da yake cewa. Idan wata magana ta iso ku, kada ki ba ta kunne.

Ni ban buɗe shago ba kwana biyu, kaina ke ɗan ciwo. Ba wani abu ba ne.

Af, na tuna. Jar ƙugiyar nan ta ɗaga buhu da na aiko wa Baba kwanakin baya, ki ɗauke ta ki ɓoye a ɗakinki, kada kowa ya yi aiki da ita. Akwai ɗan gyaran da zan yi mata.

Ki shafa mini kan Rukayya. Ki gaida Baba da Inna da kyau. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya sada mu da alheri.

Naki,
Muhtari.


Ƙauran Namoda,
Ranar Lahadi.

Rahama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata murar da kika ce ta kama Rukayya ta sake ta. Ki gaida Inna. Baba kuwa, ban sani ba ko ina da bakin gaishe shi. Ki karanta ki gani.

Takardarki ta iso ni. Sau uku na karanta ta a tsaye a bakin shago, na kasa zama. Kin ce magana ta iso Shinkafi wai ƙwaya Yaya Halilu ya sha shi ya sa ya faɗi. Kin ce Baba ya daina zama ƙofar gida bayan la'asar, ya ce shi da ya yi shekaru yana yi wa 'ya'yan mutane wa'azi a kan ƙwaya, ga ta a cikin gidansa, kuma ya rantse ba zai je Zurmi ba. Sannan kin yi mini tambaya biyu: shin gaskiya ne, kuma me jar ƙugiya ta yi da zan ce a ɓoye ta. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce.

Yayanki bai sha komai ba. Ni na kayar da shi.

Bari in faɗa miki daga tushe, ko da yake ba ki cika son zancen ƙarfe ba. Kin san da ƙugiya 'yan dako ke kama buhu su riƙe shi a kafaɗa. Irin ta da ƙotar itace gare ta, tana tsagewa, su yi ta naɗe ta da robar taya. Bara Yaya Halilu ya biyo ta shago ya tarar ina yi wa mariƙin wani injin niƙa tsaga. A makaranta nolin aka koya mana sunanta, mu a shago tsaga muke cewa. Akwai wasu 'yan tayoyi biyu na ƙarfe mai tauri, kowace ba ta fi bakin kwalba faɗi ba, masu haƙora a karkace. Idan injina yana juya sandar ƙarfe, sai in danna su a jikinta ina ɗiga mai, haƙoran su yi ta nutsewa suna gilma juna, har jikin ƙarfen ya tashi tsaba-tsaba kamar zangarniyar gero. Wannan kaushin shi ke kama tafin hannu, ko da gumi, ko da maiƙo. Yaya ya shafa ya ji, ya ce in yi masa ƙugiya mai irin wannan mariƙi. Na yi masa. Ya yi kaka guda yana aiki da ita, ba ta taɓa zame masa ba.

Shi ya yi ta yabona a kasuwa, har ya kamo hannun Shu'aibu, sarkin 'yan dako, ya kawo shi shagona. A gabana ya ce masa, "Mijin ƙanwata ne, aikinsa ba ya ƙarya." Shu'aibu ya ce in yi guda arba'in kafin sabon gero ya shigo.

Na yi goma sha biyu lafiya lau. A ta sha uku na ji kukan injin ya canza. Na tsayar na duba, haƙoran tayoyin sun cinye, ɗaya ma ta ɓalle a gefe. Ba a samun irinsu sai Kano, ga shi ba waya, ga hanya yadda take. Da na je na ce wa Shu'aibu ya ƙara mini mako biyu, wallahi da ya ƙara. Amma na ji nauyin a ce injina ya gaza bayan duk yabon da aka yi mini. Sai na ci gaba da dakusassun tayoyi. Tsagar ta fito sama-sama, ido yana ganinta, hannu ba ya jin ta. Don kada a gane, na tsoma sauran ashirin da takwas cikin jan fenti, sau biyu, suka fito suna sheƙi. Rahama, na san fenti yana cike tsaga. Tun ajin farko aka koya mana. Da suka bushe na shafa ɗaya na ji ta sumul, na ce a raina ai hannun 'yan dako da kanta, zai kama. Har na aiko wa Baba guda don a gani a Shinkafi.

Ranar rabo kowa ja yake so. Yaya Halilu ya ba wani dattijo cikinsu tasa tsohuwar, mai kyan, ya ɗauki ja, don ya nuna musu ya yarda da aikina.

Ranar da ya faɗi, da na iso, kowa ta kansa yake, ni kuwa idona yana kan buhun. Ƙugiyar tana nan soke a jikinsa. Ba buhun ne ya yage ba, ba ƙafa ce ta goce ba, hannu ne ya zame ya bar mariƙin. Na faki ido na zare ta na cusa cikin riga, tana jiƙe da guminsa. Tana nan ƙarƙashin injina yanzu haka.

Bayan an ɗauke shi, Shu'aibu ya ja ni gefe, da mutum huɗu a tsaye. Ya ce shekara goma sha tara Halilu yana hawa katakon nan bai taɓa tangaɗi ba, kuma yanzu ƙwaya ta yi yawa cikin 'yan dako. Ya ce, "Kai ke auren ƙanwarsa, ka taɓa ganin yana shan wani abu?" Kalma ɗaya ta isa in wanke shi. Sai na sunkuyar da kai na ce Allah ne masanin gaibu. Kin san yadda ake faɗin wannan maganar ta zama shaida. Haka na faɗe ta.

Shekaranjiya na koma Zurmi duba shi. Ya rame, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Ya aiki Kulsumu ta ɗebo mini ruwa, da ta fita ya dube ni ya ce ya san abin da ya faru da hannunsa, mutum ba ya shekara goma sha tara yana dako a ce bai san santsi ba. Ya ce ya yi shiru ne saboda ke da jaririya, don in aka ji, shagona ya mutu. Na ce ai ana cewa ƙwaya ya sha. Ya ce ya ji, "Ba sata aka ce na yi ba, za ta wuce." Sai ya tambaye ni ko Baba ya aiko da wani saƙo. Na ce hanya ce ba kyau.

Ban iya shan ruwan da Kulsumu ta kawo ba.

Har yau akwai jajayen ƙugiyoyi ashirin da shida a hannun mutane, suna hawa katako da su. Kullum in na ji hayaniya daga wajen kasuwa sai in ce wani ne ya sake faɗowa. Gobe da safe zan je wurin Shu'aibu. Ki kai wa Baba wannan takarda, ko ki karanta masa da bakinki, kada ki tsallake ko layi ɗaya don ki rufa mini asiri. An rufa mini ya isa.

Mijinki, in har kina iya kirana haka,
Muhtari.


Ƙauran Namoda,
Ranar Asabar.

Rahama,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da Rukayya da Inna da Baba. Auwal ya ce kin karɓi takardata kin shige ciki, ya jira har fasinja suka fara ƙorafi, ba ki fito ba. Ban ga laifinki ba. Zan dai ci gaba da rubutowa don ki ji daga bakina.

Ranar Litinin na je wurin lodi tun kafin a jingina katako, da ƙugiyar Yaya a hannu da bokitin ruwa. Na roƙi Shu'aibu ya tara mutanensa. Na soka ƙugiyar a buhu, na ce ya jiƙa hannunsa ya ja. Ya ja, hannun ya fita fit, har ya yi baya taga-taga. Sai na faɗa musu komai, tayoyin da suka cinye, fentin, yadda na zare ƙugiyar na ɓoye, da yadda na bari aka yi wa Halilu ƙazafi ina tsaye.

Wani ya tofar da yawu kusa da ƙafata. Wani ya jefo tasa ƙugiyar ta dake ni a ƙauri, sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya, har suka taru a gabana. Na so a ce dukana suka yi. Shu'aibu ya hana a taɓa ni, amma abin da ya faɗa ya fi duka ciwo. Ya ce ba fentin ne ya fi ƙona masa rai ba, kan da na sunkuyar ne, don shi ya ɗauki maganar ya kai gaba, da bakinsa ta shiga motar Shinkafi. Ya ce na sa shi cin naman mutumin da suka yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Na kwashe ƙugiyoyin cikin baro na turo su ta tsakiyar kasuwa har shago, ba wata hanya. Masu awo da masu shayi duk suna kallo. Kafin azahar labari ya riga ni ko'ina. Yanzu in na wuce sai in ji an ce ga mai fenti nan. Wani mai injin niƙa da ya kawo mini aiki ya aiko an karɓe masa ƙarfensa ba a gama ba.

Na ƙone fentin da wuta, na koma yanka tsagar da magagari, layi bayan layi, da hannu. Kowace ɗaya tana cin rabin yini, tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe. Na gama tara na kai. Mutum uku suka karɓa, sauran sun ce sun koma ƙotar itace, ita ba ta munafunci. Zan gama sauran ko ba wanda zai karɓa.

Abin da ya sa na kasa cin abinci tun jiya shi ne labarin da Auwal ya ba ni. Ya ce ranar Laraba Baba ya shiga motarsa, aka ce masa hanyar Zurmi ba ta da tabbas, ya ce ko da ƙafa zai je. Auwal ya raka shi har ɗakin maɗorin. Ya ce Baba ya cire rawaninsa, ya zauna a ƙasa wajen ƙafafun Yaya, ya ce, "Halilu, na zalunce ka, ka yafe mani." Yaya ya yi ta ƙoƙarin tashi ya hana shi, ƙafa ta ƙi. Auwal ya ce shi kansa fitowa ya yi.

Dattijo mai shekara saba'in, limamin unguwa, ya durƙusa yana neman gafarar ɗan cikinsa, kuma ni na ja masa. Ranar da aka ɗaura mana aure ya ce mini ya ba ni ke ne don ya ji an ce ba na ha'inci a aiki. Ban san da wane ido zan dube shi ba.

Ki gaida Inna in za ta karɓa. Allah Ya raya Rukayya, Ya sa kada ta gaji halin ubanta na wannan karon.

Muhtari.


Ƙauran Namoda,
Ranar Talata.

Zuwa ga Rahama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Baba da Inna. Auwal ya ce ya ga Rukayya a hannun Inna, ta yi ƙiba har da kumatu. Alhamdu lillahi.

Na ga 'yar takardarki bayan mako biyar. Layi biyu ne, amma na gode. Kin ce Baba ya ce in zo ranar Juma'a in ɗauki iyalina, sai dai in biyo ta zaure tukuna, kuma kin ce in je in ga Yaya kafin in zo in gan ki. Zan zo. Kada ki sa baki a kaina a wurin Baba, duk abin da zai faɗa na cancanta. Wurin Yaya kuwa na je sau biyu, ga yadda aka yi.

Zuwan farko an kwance ɗorin. Ƙashi ya kama, amma ƙafar ta gajarce da kamar yatsa uku. Maɗorin ya ce zai yi tafiya da sanda, dako kuwa ya ƙare. Shu'aibu ya yi alkawarin zai sa shi lura da lodi, aikin zaune. Kin san Yaya, mutumin da ke saɓa buhu yana waƙa, yanzu zama zai yi yana kallon wasu suna hawa katako.

Bai karɓe ni da fara'a ba. Ya ce shi ya haɗiye magana don ya rufe ni, ni kuma na je tsakiyar kasuwa na tona, yanzu ga ƙafa ta tafi ga shago ya tafi, wa ya ci riba. Na ce ban iya barin ƙazafin a kansa ba. Ya ce da na tuna da haka ranar da Shu'aibu ya tambaye ni. Gaskiya ya faɗa. Da na tashi tafiya, ya nuna mini sandar icen da aka ba shi, ya ce tana lanƙwasa in ya dogara, kuma tana zame masa. Ya ce in yi masa ta ƙarfe. Ya ce ba don ya huce ba, don dai ya san yanzu duk Zamfara ba wanda zai fi ni tsoron ta zame.

Auwal ya samo mini sababbin tayoyi ta hannun wani direban Kano. Kwana huɗu na yi a kan sandar nan. Na auna tsawonta da ƙafarsa mai lafiya, na sa mata roba a gindi. Mariƙin sau uku ina yankewa ina sake wani, na farko tsagar ta yi kaifi za ta ci hannu, na biyu ta hau kan juna. Na ukun ya fito daidai. Ban shafa mata komai ba, launin ƙarfenta ne.

Jiya na kai masa. Ya juya ta ya duba. Ya ce Kulsumu ta kawo man gyaɗa, ya shafe tafin hannunsa da shi sosai, a gabana. Sannan ya kama mariƙin, ya ce kada wanda ya taɓa shi. Ya yunƙura ya miƙe. Ya taka ɗaya, ya huta, ya taka biyu, yana ɗingishi, gumi yana zuba, har ya kai bakin ƙofar gidan ya leƙa waje, karo na farko tun da aka kawo shi. Kulsumu tana kuka. Ya juyo ya dawo ya zauna, ya dubi hannunsa, ya ce, "Wagga ta kama."

Na durƙusa na buɗe baki zan nemi gafara, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ba a gidan maɗori ba. Ya ce in bari sai ranar da ya shiga gidansa da ƙafarsa, ya zauna a kan tabarmarsa, in zo in faɗi abin da zan faɗa, a nan zai ga ko zai iya. Na ce to. Zan jira, ko shekara nawa ne.

Sai Juma'a in Allah Ya kai mu. Zan shigo motar farko.

Naki,
Muhtari.